Ranar da Auta Ta Cire Kan Famfo

Gidan wankin yana can ƙarshen layi, bayan shagon mai gyaran keke, inda yanzu aka dasa bene mai hawa uku. Har yau in hanya ta biyo da Auta ta wurin sai ta rage tafiya, hancinta yana laluben ƙamshin sabulu da hayaƙin gawayi, alhali ta san babu abin da ya rage sai kwatar da ruwan kumfa yake bi a da.

Tsakar gida ce mai siminti, da famfo ɗaya a tsakiya, da bahuna shida, da igiyoyin shanya da suka ratsa ta daga bango zuwa bango. Innarta ce mai gidan, ita ce kuma mai wankin. Gwaggo, ƙanwar marigayi baban Auta, ita ke guga a ƙarƙashin rumfa da dutsen gawayi guda biyu, ɗaya a hannu, ɗaya yana jiran a fifita shi. Zannuwan gadon masaukin baƙi suna zuwa ranar Talata, rigunan mahauta ranar Alhamis, sauran ranaku kuwa na kowa da kowa ne. In rana ta take, farin kaya ya cika igiyoyi, sai ka kare ido da hannu kafin ka shiga. A cikin waɗannan zannuwan Auta ta yi wasan ɓuya, a kan tulinsu ta koyi karatu.

Abin da aka san Inna da shi a unguwar shi ne fitar da tabo. Tawada sai madara. Tsatsa sai lemun tsami da rana. Maiƙo sai ruwan zafi da toka. Jini kuwa ruwan sanyi da gishiri, kuma da wuri.

"Kar ki kuskura ki sa wa jini ruwan zafi," haka take gaya wa Auta tun tana taka kujera kafin ta kai bakin baho. "Dafa shi za ki yi, ya zauna a tufa har ta yage."

Mahauta sukan kawo riga kamar an yanka sa a kanta, su karɓe ta fes. Inna ta ɗaga rigar sama ta girgiza, ta ce, "Nuna mini inda yake."

Mace ce da ba ta san kwanciya ba. Kwana uku da haihuwar Auta aka gan ta a bakin baho. Da mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar, da hannu biyun nan ta aurar da huɗu, ta kai ta biyar kwalejin horon malamai. Takan ce ciwo baƙo ne, in ka shimfiɗa masa tabarma sai ya kwana. Kuma gidan yana da doka da ba ta taɓa canzawa: ruwan farko na fararen kayan mutane ne, sai masu launi, sai a ƙarshe kayan 'yan gida su sha abin da ya rage.

Wannan dokar ce ta tona asiri.

Auta ta dawo hutun shekara ta biyu, da tabarau a fuska da baki mai kaifi, irin wanda maƙwabta ke cewa boko ya wasa. A safiya ta uku ta fito da wuri ta tarar da Inna a tsugune gaban ƙaramin baho, ta juya wa ƙofa baya, tana cuɗa wani abu. Kayan mutane na jibge ko kwance su ba a yi ba. A gefenta akwai gwangwanin gishirin girki.

"Inna, yau kayanki ne suka riga na mutane?"

"Ke kuma wa ya naɗa ki mai duba wanki? Je ki hura wa Gwaggonki gawayi."

Ta tuntsurar da ruwan cikin kwata da sauri, amma Auta ta ga launinsa. Washegari ma haka, jibi ma haka. Ta kuma lura cewa Inna ta daina ɗaura farin zane, ita da take cewa mai wanki da baƙin zane kamar wanzami ne da ƙasumba. Ta lura tana hutawa tsakanin igiya da igiya, ta dafa bango kamar mai neman wani abu da ya faɗi. Babu wanda ya ga tafin hannunta ya yi fari, domin hannun mai wanki dama fari ne, sabulu ya cinye shi tun tuni.

Auta ta samu Gwaggo ita kaɗai a rumfa tana fesa wa riga ruwa da baki.

"Gwaggo, jini Inna take zubarwa?"

Gwaggo ta haɗiye sauran ruwan ta fashe da dariya. "Au, kin gano? Yarinta ce ta dawo wa matar Yaya. Na ce mata saura mu nemo mata miji, mai gyaran keken nan ma ai bai tsufa ba."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki koma makaranta. Yakan zo ya tafi."

"Wata biyar ke nan. Al'adar tata yaushe ta ɗauke?"

"Shekarar da aka yi wa tsakar gidan nan siminti. Bakwai ko takwas." Gwaggo ta danna dutse a wuyan riga. "Ke dai kin cika tone-tone. Sauran jini ne da ya maƙale yake fita. Kakarki ma ta yi."

"Kaka shekara nawa ta yi bayan nan?"

Gwaggo ta kau da kai. Ta juya rigar ta ci gaba da guga.

Akwai wata nas da ta taɓa zuwa kwalejinsu ta yi wa 'yan mata bayani, su kuwa suna ta ƙunshe dariya suna zungurin juna. Auta ba ta riƙe komai ba sai jimla ɗaya, ita ma don matar ta buga tebur lokacin da ta faɗe ta: macen da al'ada ta ɗauke mata shekara guda cur, in ta ga ko ɗigo ɗaya, ta zo asibiti. Don ta tabbatar ba kunnenta ne ya ƙara gishiri ba, ta saka mayafi ta tafi asibitin unguwa, ta bi layi kamar mara lafiya. Nas ɗin da ke bakin aiki, wata gajeriya mai saurin magana, ta saurare ta har ƙarshe.

"Ba al'ada ba ce," in ji ta. "Al'ada in ta tafi ta tafi. Sau da yawa abin ba mai tsanani ba ne, amma ba a sani sai an duba. Ke ma ki riƙe don kanki. Jini tsakanin wata da wata, jini bayan kwanciyar aure, jini ga mai ciki, al'adar da ta wuce mako, duk a zo a gani. In kuwa ana jiƙa ƙunzugu kowace awa, ko jiri na ɗibar mutum, wannan ko gobe ba a jira. Tana jin jiri?"

"Tana dafa bango."

"To me kike yi a nan ke kaɗai? Kawo ta."

Faɗa da baki ya fi sauƙi. Auta ta tari Inna da yamma tana ninke zannuwa, ta zayyana mata komai daki-daki, yadda aka koya mata tsayawa gaban aji. Inna ta saurara tana haɗa kusurwa da kusurwa.

"Kin gama, 'yar boko?"

"Na gama. Gobe za mu je."

"Za ku je dai. Ni shekara arba'in ina wanke jinin mutane, sai nawa ne zai gagare ni? Kin ga tabo a jikina? Kin ga tabo a shimfiɗata? Duba ki gani."

"Inna, zanen kike wankewa. Inda yake fitowa fa?"

"Rufe mini baki. Ni zan je in kwanta in buɗe wa sa'an ɗana jikina? Da na haife ku biyar wane likita ne ya riƙe ni? Mace da haƙuri aka san ta."

"Haƙurin nan shi zai kashe ki."

Inna ta ajiye zanen ta dube ta sama da ƙasa. "Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Da kumfar nan na saya miki tabaran da kike harara ta da shi. Tashi ki ba ni wuri."

Auta ta tashi. Litinin ce ranar. Kafin mai gyaran keke ya rufe shago ta je ta ari sifana, ya tambaye ta ko keke ta saya, ta ce masa famfo ne ke yoyo.

Talata da safe motar masaukin baƙi ta sauke zannuwa arba'in da tawul-tawul. Inna ta jera bahuna, ta ɓare sabulu, ta miƙa hannu za ta murɗa famfo, sai hannunta ya kama iska. Bututu ne tsaye, babu kai. An kuma rufe ruwan daga can bakin titi.

Auta na zaune a kan baho da ta kifa, da littafi a cinya, kan famfon yana ɗaure a bakin zanenta inda kowa zai gani.

"La ilaha illallahu," in ji Gwaggo. "Yarinyar nan ta haukace."

"Ba ni," in ji Inna.

"In mun dawo daga asibiti da hannuna zan mayar."

"Na ce ki ba ni."

"Ko ki dake ni, Inna. Ga ni, ba gudu zan yi ba."

Auta ba ta sunkuyar da kai ba. Tunda aka haife ta ba ta taɓa jin wani ya ce wa matar nan a'a a tsakar gidanta ba. Gwaggo ta shiga tsakani tana ba da haƙuri ta nan tana zagi ta can, wai ai ko kare ya san ranar Talata a gidan nan, wai a bari a gama na masauki sannan a yi maganar asibiti, wai dama ita ta faɗa tun farko cewa karatu in ya yi wa mace yawa sai ta fara gyara wa uwarta zama.

Inna ba ta ɗaga hannu ba. Ta ɗauki bokiti biyu ta fice zuwa famfon maƙwabta.

Wannan ne Auta ba ta lissafa da shi ba. Ta zauna tana kallon uwarta tana shigowa da ruwa, wuya ya miƙe, jijiyoyin hannu sun tashi, ta juye a baho ta koma. Sahu na farko. Sahu na biyu. Kowane taku kamar a ƙirjin Auta ake yin sa. Hannunta ya kai ga ƙullin zanen ya fara kwancewa, sai ta tuna ruwan da ta gani yana bin kwata, ta mayar ta ƙulle, ta ƙara tamkewa.

A sahu na uku Inna ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ajiye bokiti ɗaya a hankali, ɗayan ya kuɓuce ya fantsama. Ta zame jikin bango ta zauna a cikin ruwan. Kafin su iso gare ta ruwan da ke malala a siminti ya canza launi.

Gwaggo ta ƙame da dutsen guga a hannu. "Matar Yaya! Haka yake? Kin ce mini ɗan ɗigo ne!"

"Jiri ne kawai," in ji Inna, murya can ƙasa. "Ku kwashe tawul ɗin mutane kar ya jiƙe."

"Tawul ɗin ya ci ƙaniyarsa!" Gwaggo ta juye gawayin dutsen a ƙasa ta sheƙa masa ruwa, abin da ba ta taɓa yi da rana tsaka ba. "Auta, tsayar da mota. Yau ko a kai zan ɗauke ki sai kin je. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Leda biyu na jini aka ƙara mata a ranar. Da ta farfaɗo aka ce likita zai duba ta, ya kuwa shigo, yaro ne sharaf, ko ɗanta na uku ya girme shi. Inna ta juya fuska bango, nas ta rufe ta da zane ta riƙe mata hannu, Auta na tsaye bayan labule tana jin numfashinta. Inna ba ta yi ko tari ba har aka gama. Da likitan ya zo fita sai ta kira shi.

"Ɗana, wa ke wanke maka rigar nan?"

"Ni da kaina, Mama."

"Na gani. Dubi wuyanta. Ka cuci farin yadi."

Aka yi hoto, aka ɗebi ɗan abu daga cikin mahaifa aka kai gwaji, aka ce a dawo bayan kwana goma. A kwana goman nan Inna ba ta yi wa Auta magana ba. In tana son ruwa sai ta ce, "Gwaggon yara, gaya wa mai famfo ina jin ƙishi." Auta ta kawo, ta durƙusa ta miƙa, ta koma bakin baho. Ita ta wanke zannuwan masauki, ta wanke na mahauta, yatsunta suka tsage suka yi jini, tana yi Inna na leƙe ta taga tana tsaki. Yayyenta suka zo ɗaya bayan ɗaya, babbar ta ce ta je ta ba Inna haƙuri. Auta ta ce za ta nemi gafarar Inna a kan komai, tun daga kofin da ta fasa tana shekara shida, amma ban da wannan. Har yau kuma ba ta nema ba.

Sakamako ya fito. Likitan ya zaunar da su su uku, ya ce ciwon daji ne a bangon mahaifa. Ya ci ya shiga cikin naman, amma bai fita waje ba. Za a cire mahaifar.

"Da a watan farko kika zo, Mama, da wataƙila tiyatar kaɗai ta isa. Yanzu sai mun haɗa da gashi na na'ura, mako biyar. Da kuma kin ƙara wasu watannin, da maganar da za mu yi daban ce."

Gwaggo ta fara sharɓar kuka. Inna ta kalli hannuwanta, ta ce, "Ta gama aikinta ai. Biyar ta ɗauka. Ku cire."

Auta ta rubuta wa kwaleji takarda ta ɗage zango guda. Ta ga uwarta bayan tiyata, ƙarama a kan gado kamar an wanke ta ta shige. Ta raka ta gashi kullum, mako biyar, ta riƙe mata kwano lokacin da cikinta ya ƙi karɓar komai, ta ji ta tana cije leɓe a banɗaki don kar a ji. Wani haƙurin na gaske ne, Auta ta yarda da wannan, ta kuma ga irinsa da idonta a makonnin nan. Wanda ta ƙi shi ne na tsugunawa gaban ƙaramin baho da gwangwanin gishiri.

Inna ba ta sake ɗaga bokiti ba. Shekara goma sha biyu ta ƙara a duniya, a kan kujera ƙarƙashin rumfa, tana ba wasu mata biyu da aka ɗauka aiki umarni, tana mayar da duk rigar da ba ta gamsu da ita ba cikin baho. Ta ga Auta ta zama malama, ta goya 'ya'yanta biyu. Amma in Auta ta tuna lokacin, ranar da ta fi zuwar mata ita ce ta komawa asibiti bayan wata shida.

Likitan ya daɗe yana duba takardu, ya ɗago ya ce bai ga komai ba, sai dai a riƙa zuwa ana dubawa. Gwaggo ta rangaɗa guɗa a ofishin mutane har nas ta leƙo. Inna ta ce masa Allah ya yi albarka, ta gyara mayafi ta yi gaba abinta, su biyun suna bin ta a baya. Ofishin a hawa na biyu yake. Da ta kai bakin matakala sai ta tsaya, ta leƙa ƙasa, ta daɗe tana kallo.

"Ke, 'yar boko."

"Na'am, Inna."

"Zo nan. Miƙo kafaɗarki."

Auta ta matso. Hannun ya sauka a kafaɗarta, mara nauyi, mai kaushi, ya kama da ƙarfi.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "Yau matar Yaya ce da sanda?"

"Ba gajiya na yi ba. Matakalar ce ba a gina ta daidai ba." Ta sa ƙafa a ta farko. "A hankali, ke kuma. Ina za ki da sauri haka?"